Yadda Ake Zaɓen Ƙaramar Bindigar Aljihu da Harsashinta a Amurka

Tun da na fara raka 'yan'uwa filin harbi a nan Houston, a jihar Teksas, tambayar farko ba ta canzawa: "Malam, wacce ce ta fi ƙanƙanta?" Mutum yana aikin dare a gidan mai, ko yana rufe shago ƙarfe sha ɗaya, an taɓa tare shi a wurin ajiye motoci, sai ya ce yana son abin da zai jefa a aljihu ba wanda ya sani. Ni ma da wannan tambayar na fara, kuma ita ta ja mini asara. Na sayi wata 'yar mitsitsiya don kawai na ga ta ɓace a tafin hannuna, ban harba ta ba na biya kuɗi. Ranar da na kai ta fili, kafin in gama kwali ɗaya na harsashi tsakanin babban yatsana da manuni ya yi jawur, rabin abin da na harba kuma ko takardar bai taɓa ba. Ta shekara biyu a akwati kafin in sayar da ita da faɗuwa.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, iya ƙanƙantar bindiga iya wuyar harbinta. Ba ta da nauyin da zai shanye shurinta, wato dukan da take yi wa hannu lokacin harbi, mariƙinta bai cika hannu ba, saitinta gajere ne. Duk aikin zaɓen nan neman tsakiya ne: wadda ba za ta yi maka nauyi har ka riƙa barin ta a gida ba, kuma ba za ta yi ƙanƙanta har ka kasa samun abin da ka saita ba.

Maganar nan ta Amurka ce. A Najeriya Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba, wato bindigogin hannu, cikin haramtattun makamai, waɗanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa ake riƙewa; lasisin da ake nema a hannun 'yan sanda na irin bindigogin farauta ne. Wanda ke gida ya karanta don sani kawai.

Abin da za ka tanada

- Katin shaida na jihar da kake zaune, mai adireshinka na yanzu. Idan ba ka zama ɗan ƙasa ba, haɗa da katin zamanka na dindindin.
- Kuɗi kashi uku: na bindiga (yawancin waɗanda zan ambata suna tsakanin dala 300 da 600), na aji da hayar bindigogin gwaji, sai na harsashi. Wanda ya tanadi kuɗin bindiga kaɗai bai shirya ba.
- Abin toshe kunne da tabarau na kariya. Idan ba ka da su, fili yana ba da haya.
- Wandon da ka fi sawa wajen aiki, da kaftanin da kake zuwa Juma'a da shi.
- Farantan takarda irin na biki guda goma, da biro, da ɗan littafin rubutu.
- Ƙaramin akwatin ƙarfe mai kulle. Wannan a saye shi kafin bindiga ta shigo gida, ba bayan ta shigo ba.

Mataki na 1: San matsayinka a gaban doka

A dokar tarayya sai ka kai shekara 21 dillali mai lasisi zai sayar maka da bindigar hannu. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin duk suna da izinin saye. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara ko ta aiki na wucin gadi, asalin hukuncinsa hani ne, sai 'yan togaciya kaɗan kamar mai lasisin farauta. Idan kana cikin wannan rukuni, kada ka bi fatawar majalisa. Ga lauya tukuna. Wanda ba shi da takardun zama ba shi da hanya ko ɗaya. Haka wanda aka taɓa yanke wa hukunci kan babban laifi, ko kan dukan iyali ko da ƙaramin laifi aka rubuta. Takardar saye tana tambaya a kan shan wiwi ma, ko da jiharka ta halatta ta.

Ga abin da ya fi shafar mu baƙi: laifin da ya danganci bindiga yana cikin dalilan da ake korar mai katin dindindin daga ƙasa. Abin da zai tsaya wa ɗan ƙasa a tara da zuwa kotu, kai zai iya kai ka jirgin komawa gida. Saboda haka kada ka taɓa cika takarda da sunanka don saya wa wani, ko da ɗan uwarka ne. Babban laifin tarayya ne.

Saye daban, ɗauka a jiki daban. Ɗauka dokar jiha ce. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2022 a shari'ar Bruen, jihohi irin su Niyok ba su da ikon cewa sai ka kawo dalili na musamman kafin su ba ka lasisi, amma har yanzu lasisin wajibi ne a can, kuma samunsa da jan rai. Fiye da rabin jihohin Amurka kuwa ba sa neman lasisi ma. Teksas ta shiga sahunsu ranar 1 ga Satumban 2021.

Mataki na 2: Shiga aji kafin ka shiga shago

Ko da jiharka ba ta neman lasisi, shawarata ka yi shi. A Teksas ajin awa 4 zuwa 6 ne, da gwajin harsashi 50 daga yadi 3 da 7 da 15, kuɗin lasisin kuma dala 40. Da shi jihohi da yawa za su yarda ka ɗauka a cikinsu, kuma a ajin ne za a koya maka karanta allunan hana shiga da bindiga da ake mannawa a ƙofar shaguna, masu lamba 30.05 da 30.06 da 30.07, da jan allon 51% na wuraren da yawancin cinikinsu giya ne. Gidan waya da gine-ginen gwamnatin tarayya da kotuna ba a shiga da bindiga, da lasisi ko babu. Masu tuƙin Uber da Lyft su sani cewa ƙa'idar kamfanonin biyu ta hana ɗauka a lokacin aiki.

A nan ne kuma za ka haddace ƙa'idoji huɗu da kowane fili ke tafiya a kansu. Ka ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi a ciki. Kada bakinta ya kalli abin da ba ka yarda ya lalace ba. Yatsa ba ya taɓa kunama sai ka saita kuma ka yanke shawarar harbi. Ka san abin da kake saitawa da abin da ke bayansa. Ta ukun ita ce sababbi suka fi karyawa, domin yatsa da kansa yake neman kunama, kamar yadda hannu ke neman aljihu idan an ce a tara kuɗi.

Idan babu aji kusa da kai, a Teksas ana yin ɓangaren karatun ta intanet, sai ka je wurin malami don ɗan gajeren darasin fili da gwajin harbi. Amma idan ba ka taɓa riƙe bindiga ba, biya awa ɗaya ko biyu na koyarwa ta ido da ido.

Mataki na 3: Auna aljihu, auna hannu

Nauyi ne ke fara yanke hukunci. Ga waɗanda aka fi gani, ba tare da harsashi a ciki ba. Kel-Tec P-32 ba ta kai giram 200 ba. Smith & Wesson Bodyguard 2.0 da Ruger LCP Max suna wajen giram 280 zuwa 300. Glock 42 da Ruger LCR da Smith & Wesson 642 suna kusa da giram 400. SIG Sauer P365 ta kai rabin kilo, kafin a zuba mata harsashi 11.

A gwajina, abin da ya wuce rabin kilo da harsashinsa yana jan wando gefe guda, yana dukan cinya a tafiya, kuma bayan mako biyu mai shi ya fara cewa "yau dai bari in bar ta." Don ka ji da jikinka, zuba tsabar kuɗi ko batura a safa har su kai nauyin da kake tunani, ka sa a aljihu ka wuni da shi a wurin aiki. Gwajin kyauta ne, ya kuma ceci mutane da yawa daga sayen abin da ba za su ɗauka ba.

Sai hannu. Ka riƙe bindigar a shago bayan mai shagon ya buɗe ta ya nuna maka ba komai a ciki. Yatsu nawa suka samu wuri a mariƙin? Biyu shi ne mafi ƙaranci, ƙaramin yatsa yana lilo a ƙasa. Haka yawancin na aljihu suke. Idan ɗaya da rabi ne, ajiye ta. Duba kuma naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni. Masu kaurin hannu, marfin sama yana yankarsu a nan idan ya zame baya lokacin harbi.

Mataki na 4: Libarba ko fistol

Libarba ita ce mai tulu mai juyawa. Ƙananan suna cin harsashi 5. Ba ta da marfin ja, ba ta damu da yadda ka riƙe ta ba, kuma idan harsashi ya ƙi tashi sai ka sake jan kunama ta juya zuwa na gaba. Don aljihu a nemi wadda gudumarta, wato ƙarfen baya mai dukan harsashi, ke ɓoye a ciki, kamar 642 ko 442 ko LCR, don kada ta maƙale a tufa. Aibinta: kunamarta da tauri, wajen kilo 5 ko fiye, tulunta yana yin tudu a aljihu, sake cika ta kuma da ɗaukar lokaci. Ana yawan miƙa wa mata da dattawa ita wai don "ta fi sauƙi." Sauƙin sarrafawa gaskiya ne, amma a harbi tana cikin mafiya wuya, kuma shurinta ba kaɗan ba ne.

Fistol ita ce mai gidan harsashi a cikin mariƙi. Ta fi siranta, ta fi cin harsashi, kunamarta ta fi laushi. LCP ta farko da ta fito a 2008 tana cin 6 da ɗaya a baki. LCP Max ta 2021 tana cin 10 da ɗaya cikin kusan girma guda. P365 da ta fito a 2018 ita ce ta buɗe wannan hanya, da ta cusa harsashin 9mm guda 10 a jikin da a da 6 ko 7 yake ɗauka. Amma fistol tana son a riƙe ta da ƙarfi. Idan wuyan hannu ya yi laƙo-laƙo, marfin ba ya kammala tafiyarsa, sai ta cije. Kuma sai ka iya jan marfin da kanka.

Idan hannunka ba shi da ƙarfin jan marfi, akwai mafita. Kada ka ja da 'yan yatsu. Kama marfin da dukan tafin hannun hagu kusa da ƙirjinka, ka tura bindigar gaba da na dama. Idan duk da haka ya gagara, Smith & Wesson suna da Shield EZ da aka yi don masu raunin hannu, sai dai ta fi ƙarfin aljihu. Beretta Tomcat kuwa bututunta ne ke ɗagowa sama ka sa harsashin farko da hannu, ba sai ka ja komai ba.

Mataki na 5: Zaɓen harsashi

Nan ne majalisa ke rabuwa, kowa da gwaninsa. Kafin musu, ga ma'aunin da ya kamata ka sani. Ranar 11 ga Afrilun 1986 jami'an FBI, hukumar binciken laifuka ta tarayya, sun yi artabu da 'yan fashi biyu a Mayami, aka kashe jami'ai biyu, bayan ɗaya daga cikin 'yan fashin ya riga ya sha harsashin da ya tsaya dab da zuciyarsa ya ci gaba da faɗa. Daga nan hukumar ta fito da gwajinta: harsashi ya nutse inci 12 zuwa 18 a cikin wani daskararren jelatin da ake kwaikwayon tsoka da shi. Wanda bai kai 12 ba yana iya kasa isa inda zai tsayar da maharin. Wanda ya wuce 18 yana iya ratsawa ya samu wanda ba ruwansa. Da wannan ma'auni ake duba duk harsashin kare kai har yau, kuma gajeren bututun bindigar aljihu yana rage wa harsashi gudu, shi ya sa maganar ta fi tsanani a kanta.

.22 LR shi ne mafi araha da rashin shuri, har yaro ake koya wa harbi da shi. Matsalarsa wutarsa a gefen gindin kwanso take, ba a tsakiya ba, don haka ya fi sauran yawan ƙin tashi. Ga mai ciwon gaɓoɓi da ba ya iya jure komai sai shi, da babu gara ba daɗi. Ya nemi libarba mai cin 8, ya kuma sayi harsashi mai kyau. .25 ACP kuwa ka wuce shi. Ƙarfinsa bai fi na .22 da wani abin kirki ba, ga tsada.

.32 ACP tsohon hannu ne, John Browning ya ƙirƙiro shi tun 1899, a Turai ana kiransa 7.65. Shurinsa kaɗan ne ko a 'yar P-32. Harsashi mai ramin kai, wanda ke buɗewa idan ya shiga jiki, ba ya cika kai inci 12 a wannan girman, shi ya sa masu ɗaukarsa da yawa suke zuba mai dunƙulallen kai. Ba kowane shago ke ajiye shi ba.

.380 ACP shi ne sarkin aljihu. Shi ma na Browning ne, na 1908. Faɗinsa ɗaya da 9mm amma kwansonsa ya fi gajarta, milimita 17 maimakon 19, kansa kuma yawanci nauyin 90 zuwa 95 ne a ma'aunin "gr" da za ka gani a jikin kwali. A bakin iyakar ma'aunin FBI yake: wanda ya buɗe sosai ba ya nitsewa da kyau, wanda ya nitse bai cika buɗewa ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da ka samu a madadin shi ne bindigar da za ta bi ka ko'ina, har da gajeren wando a zafin Agustan Houston. Kada ƙanƙantar harsashin ta ruɗe ka, a bindiga mai giram 300 yana cizon hannu. A Glock 42 kuwa, da yake ta ɗan fi girma, laushinsa har mamaki yake ba mutane.

.38 Special na libarba ne, tun 1898 yake aiki. Idan an rubuta +P a jikin kwali, an ƙara masa matsin wuta ke nan, kuma sai bindigar da aka rubuta mata hakan. Akwai Speer Gold Dot mai nauyi 135 da aka yi musamman don gajeren bututu. Wanda shurinsa ya dama ya gwada mai shafaffen kai mai nauyi 148, na 'yan gasar harbi. Yana da laushi, yana nitsewa daidai gwargwado. Akwai ƙananan libarba masu cin .357 Magnum. Na harba guda biyar a irinsu sau ɗaya, na gode wa mai ita na miƙa masa abarsa.

9mm shi ne mafi ƙarfi a cikin waɗanda ke shiga aljihu da hankali, kuma shi ne mafi arahar harsashin atisaye bayan .22, ya fi .380 sauƙin kuɗi duk da ya fi shi girma, saboda yawan da ake ƙerawa. FBI da kanta ta koma kansa wajen 2015 bayan shekaru tana amfani da .40. Masu nauyi 124 da 147 na Federal HST ko Gold Dot suna cika ma'auni ko daga gajeren bututu. Kuɗin da za ka biya shi ne nauyi da girma. P365 ko Springfield Hellcat ko Glock 43 suna shiga aljihun wando mai yalwa, amma wurinsu na gaskiya ƙugu ne.

Hukuncina: idan aljihu kaɗai kake nufi, .380 ko .38 Special. Idan za ka iya ɗaura ta a ƙugu, 9mm. Bambancin da ke tsakanin ukun nan bai kai bambancin da ke tsakanin wanda ya samu da wanda ya kuskure ba. Masu zama a Niyu Jazi su bincika dokar harsashi mai ramin kai, domin jihar ta taƙaita shi. Niyok da Kalifoniya da wasu jihohin kuma ba sa yarda da gidan harsashi da ya wuce 10.

Mataki na 6: Harba kafin ka saya

Sayen bindigar da ba ka harba ba sayen kifi ne a ruwa. Zaɓi uku daga cikin waɗanda suka tsallake matakan baya, ka je filin da ke ba da haya. Filaye da yawa ba sa ba da haya ga wanda ya zo shi kaɗai ba tare da tasa bindigar ba, saboda haka tafi da aboki.

Manna farantin takarda a yadi 5. Da kowace bindiga harba 5 a hankali, sannan 5 da ɗan sauri, kamar ɗaya a kowace daƙiƙa. Sannan 5 da hannun dama kaɗai, domin ranar da abu zai faru mai yiwuwa ɗayan hannun yana riƙe da yaro ko ƙofa. Rubuta sunan bindigar a kan farantin, ka rubuta a littafinka inda ta yi maka ciwo. Farantan za su gaya maka gaskiyar da mai shago ba zai faɗa ba. Sau da yawa wanda ya zo da niyyar LCP yakan koma da Glock 42, wanda ya zo yana cika bakin 9mm ya koma da .380.

Idan harbinka duk yana sauka ƙasa ta hagu kuma kai na-dama ne, ba laifin saiti ba ne. Tsoron ƙarar ne ke sa ka danna bakin ƙasa kafin ta tashi. Kowa ya yi wannan. Idan kuma ba filin haya a garinku, malaman aji sukan zo da bindigogi iri-iri. Tambaya kafin ka yi rajista.

Mataki na 7: Saye da tabbatar da ita

A shago za ka cika takarda mai lamba 4473, a bincika sunanka a rumbun NICS na FBI. Amsa uku ce: a ci gaba, a dakata, ko an hana. "A dakata" ba hani ba ne, kuma yakan faɗo wa masu katin dindindin da masu sunayen da suka yi kama da na wasu, kada hankalinka ya tashi. Kada ka yi ƙarya a ko layi ɗaya na takardar. Bindigar da wani ya taɓa amfani da ita ba laifi idan daga dillali ce, amma wadda wani zai miƙo maka daga bayan mota da rabin farashi, ba ka san inda ta kwana ba.

Da ka kawo ta gida karanta littafinta, ka kwance ta ka goge man masana'anta ka sa sabo kaɗan. Ni ba na sa sabuwar fistol a aljihu sai ta ci harsashin atisaye 200, sannan aƙalla 30 zuwa 50 na ainihin wanda zan ɗauka, ba tare da ta cije ba. Wannan na biyun yana da tsada, mutane sukan tsallake shi, alhali ƙananan fistol suna da zaɓen abinci: wata tana haɗiye mai dunƙulallen kai lafiya lau, ta shaƙe da mai rami. Libarba ba ta buƙatar yawan haka, amma harba wanda za ka ɗauka don ka san inda yake sauka. Bayan kowane atisaye wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci, saboda darma.

Mataki na 8: Kube da yadda ake ɗauka

Bindiga ba ta shiga aljihu tsirara. Kuben aljihu yana da aiki uku: ya rufe kunama gaba ɗaya, ya tsayar da bindigar mariƙi a sama, ya kuma ɓoye siffarta ta zama kamar walat. Na kirki yana maƙalewa a aljihu idan ka zaro. Akwai masu bayan roba mai kama tufa irin DeSantis Nemesis, akwai na busasshiyar roba mai ƙugiya. Aljihun nan ya zama nata ita kaɗai: ba makulli, ba tsaba, ba carbi. Carbi musamman, domin igiyarsa tana iya zagaye kunama. Idan za ka mayar da ita, fito da kuben waje, ka sa ta a ciki, sannan ka mayar da su tare. Kada ka taɓa lalubo bakin kube a cikin aljihu da bindiga mai harsashi.

Kaftani yana da nasa hali. Aljihunsa na gefe yana da zurfi amma ba shi da madogara, bindiga tana lilo tana jan rigar gefe guda, kuma shadda mai sitati tana nuna siffar duk abin da ke ƙarƙashinta. Mafi muni, a ruku'u da sujada bakin aljihun yana karkata. Na taɓa jin tawa ta zame har rabi a raka'ar farko. Ban san abin da liman ya karanta a ta biyu ba. Tun daga ranar, idan na sa manyan kaya, a aljihun wandon ciki take zama, wanda na sa tela ya ƙara masa zurfi da kauri, ko a ɗamarar roba a ƙarƙashin riga. Gwada tsayuwa da ruku'u da sujada da zaman tahiya a gida da bindiga ba harsashi kafin ka fita. Masallatai kuma kowanne da ƙa'idarsa. Tambayi kwamiti, idan sun ce a'a, a'a ce. A wurin alwala da bayi kada ka ciro ta ka ɗora a kan wani abu, nan ne ake mantawa da ita.

Aljihu yana da lahani ɗaya babba: a zaune, musamman a mota da bel a ɗaure, zaro ta da wuya. Amfaninsa kuma, kana tsaye hannunka yana iya kasancewa a kanta ba wanda ya lura. 'Yan'uwa mata masu son jaka, a nemi mai zif na musamman da kube a ciki, kuma jakar ba ta sauka daga kafaɗa, ko a gidan suna, domin yara jakar uwa suke fara buɗewa.

Atisayen zarowa a gida ake yi, da bindiga ba harsashi. Cire gidan harsashi, ja marfi, duba da ido, taɓa da yatsa, kai harsasan wani ɗaki, sannan ka fara. Minti biyar sau uku a mako ya fi awa biyu sau ɗaya a shekara. Duk mako kuma ka goge ta, domin aljihu yana tara audugar tufa da gumi.

Mataki na 9: Gida, hanya da 'yan sanda

Bindigar tana wuri biyu ne kawai: a jikinka ko a kulle. Saman kabad ba ɓuya ba ne a gidan da ke da yara. A mota ma ba a barin ta a aljihun gaba; daga motoci ake sace bindigogi da yawa a biranen nan. Akwai ƙaramin akwati mai igiyar ƙarfe da ake ɗaurewa a ƙarƙashin kujera.

Doka ba ta ba ka izinin fito da ita don tsorata wanda ya zage ka ko ya tare maka hanya a titi ba. Sai barazanar kisa ko mummunan rauni da ke gabanka a take. Babu harbin gargaɗi, babu harbin iska. Mai bindiga a aljihu shi ne ya kamata ya fi kowa saurin cewa "yi haƙuri" ya wuce. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Idan ɗan sanda ya tsayar da kai, kashe mota, kunna fitilar ciki idan dare ne, ɗora hannu biyu a kan sitiyari. Wasu jihohin sun wajabta ka faɗa masa kana ɗauke da bindiga tun kafin ya tambaya. Faɗa da baki, hannu bai motsa ba, ka gaya masa aljihun da take, ka tambaye shi yadda yake so ka yi. A Yulin 2016 a Minesota ɗan sanda ya harbe Philando Castile, baƙar fata mai lasisi, a cikin motarsa daƙiƙoƙi kaɗan bayan ya faɗi cewa yana da bindiga. Saboda haka ni walat ɗina ba ya zama a ɓangare ɗaya da ita; lasisin tuƙi da na bindiga da takardar inshora suna maƙale a abin kare rana na gaban direba, inda hannuna zai kai a kan idonsa.

Sai tafiya gida. Jakar da kake zuwa filin harbi da ita kada ta taɓa zama jakar tafiya. Harsashi ɗaya yana iya shigewa cikin ɗinki ya kwanta shekara. A 2024 an tsare Amurkawa da dama a tsibiran Turks da Caicos kan 'yan harsasan da suka manta a kayansu, kuma wanda aka gano nasa a filin jirgin Kano ko Abuja ko Yamai zai sha bayani mai tsawo. Kafin ka zuba tsaraba, juye jakar a kan farin zani, buɗe kowane zif, ka bi ɗinkin ƙasa da yatsa, ka duba aljihunan kaftanin da za ka sa a jirgi.